Kwana Tara Bayan Dubu

Da sunan Wanda ya ƙidaya yashi bai gaji ba, ya ƙidaya taurari bai ɓata lissafi ba, ya san adadin numfashin kowane mai rai tun bai shaƙi na farko ba. Bayan haka, ni Korau masaƙi, ɗan Jibo masaƙi, mutumin Kwarin Auduga da ke bayan duwatsun da rana ke faɗawa, zan ba ku labarin yadda na bi sawun yayana har inda ƙasa ta ƙare gishiri ya fara, da yadda wani adadi ya kusa cinye shi da ransa. Wanda ya ji ya gaskata, madalla. Wanda ya ji ya ƙi, ga zare ga tsakuwa, ya je ya gwada da hannunsa.

Mu biyu ne wurin mahaifinmu. Yaya Bagudu ya girme ni da shekara shida, kuma tun yana ƙarami hankalinsa ba ya masaƙa. Baba na koya masa wadari, wato jan zaren tsaye a jera shi kafin a fara saƙa, shi kuwa yana can yana zane-zane a ƙasa da tsinke. Ran da zai bar gida ya faɗi maganar da na daɗe ban yafe masa ba. Ya ce, "Ni ba zan ƙare kwanana ina jifa da ƙoshiya dama da hagu ba. Ilimin hisabi zan nema, aikin masu kai." Baba ya ci gaba da saƙarsa. Amma a wannan yammacin na ga ya tsinka zare har sau uku, abin da ban taɓa gani ba.

Shekara takwas ba labari. Ran nan sai ga wani bafataken gishiri ya sauka a ƙofarmu yana tambayar gidan su Bagudu. Ya ce ya baro shi a Birnin Ƙorai, a ɗaure. Mutanen birnin, in ji shi, suna da tulin murjani da suka gada, sun san adadin ƙwayoyinsa, sun kuma yi imani cewa wannan adadi ba ya rabuwa daidai ko ta ina aka biyo masa. Duk wanda ya ce yana rabuwa, sai a ba shi kwana dubu. Kullum a gwada rabo ɗaya a gabansa, rana ta biyu kashi biyu, ta uku kashi uku, haka har dubu. In dubu ta cika ba a samu rabon da ya tashi ba saura, sai a fitar da shi ta Ƙofar Gishiri, ba ruwa ba guzuri.

"Yayanka kuwa ya buɗe baki ya faɗa," in ji bafataken. "Yau kwanansa ɗari huɗu da wani abu."

Ni dai haushi na fara ji kafin tausayi. Na ce a raina, ga aikin masu kai nan ya kai shi inda ya kai shi. Baba kuwa, wanda idonsa ya riga ya fara dushewa, ya lalubo ƙoshiyarsa ta icen kanya ya miƙo mini. Ya ce, "Korau, je ka taho mini da shi." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ni kuwa na ɗaure kayana.

Na yi wata huɗu ina tafiya, na ratsa dajin da itatuwansa ke juya baya in sun ga baƙo, na wuce garin da ake gaisuwa da ƙafa, har na iso Kogin Cika. Wannan kogi ba ya yarda da mara. In jirgi ya taso da mutane cika, biyu ko huɗu ko shida, sai ya kwanta lumui. In mara ne, uku ko biyar ko bakwai, sai ya tashi ya ɗauke mutum ɗaya don lissafi ya daidaita. Da na iso na tarar da su takwas har da mai fito. Mai fiton ya dube ni ya ce, "Malam, kai ne na tara. Ka jira wani matafiyin ku zama biyu."

Na ce, "Yaushe wani zai zo?"

Ya ce, "Na ƙarshe da ya jira, sai da ya yi gona ya girbe."

Kai! Gabana ya faɗi. Kowace rana da na zauna a gaɓar nan, daga cikin dubun Yaya ake cire ta. Ina cikin wannan sai idona ya kai kan wata mata a jirgin, tana tsotsar tsamiya tana yamutsa fuska, wata tsohuwa na yi mata fifita. Na ce da mai fito, "Sake ƙirgawa dai. Ku tara ne, ɗaya bai iso duniya ba tukuna. Ni ne na goma." Matar ta ja mayafi ta rufe fuska, tsohuwar ta kwashe da dariya ta ce, "Ɗan nan ba ka da kunya, amma ba ka yi ƙarya ba." Mai fito ya ce in kogi bai yarda ba, ni zai fara nunawa. Muka shiga. A tsakiyar ruwa kogin ya taso ya doki gefen jirgi, ɗaya, biyu, uku, ina ƙirgawa, har ya kai tara ya ɗan tsaya. Sannan ya yi na goma a hankali, ya kwanta.

Na ɗauka wayona ya isa kai ni ko'ina. Dutsen Kamilai ya cire mini wannan tunanin. Mutanen can shekarun baƙo suke tambaya a ƙofa, su nemo duk ƙananan adadin da ke raba su daidai, su tara. In abin da aka tara bai kai shekarunka ba, kai mai giɓi ne, rabin akushi za a ba ka. In ya zarce, kai mai rara ne, kai za ka ciyar da wasu. Ni da ban san dawan garin ba na ce shekarata ashirin da takwas. Mai ƙofa ya shiga lissafi da yatsu: ɗaya, da biyu, da huɗu, da bakwai, da goma sha huɗu. Ya tsaya, ya sake, sai ya ƙwala ihu, "Ashirin da takwas cif! Kamili! Kamili ya zo!"

Kafin in ce wani abu an ɗauke ni sama. Suka zaunar da ni a ƙololuwar dutse kan buzu bakwai, ga nama ga zuma, ga masu gadi goma sha biyu, don a wurinsu muddin kamili na kan dutsen ruwan sama ba ya yankewa. Na roƙa, na yi kuka, na tsere sau biyu aka kamo ni da girmamawa. Wallahi ban taɓa ƙin zuma irin na wannan lokaci ba. Wata bakwai na yi a nan, ba dabarar da ta yi aiki, sai da watan haihuwata ya kama na ce musu na shiga ashirin da tara. Suka gwada biyu, ta ƙi. Suka gwada uku, biyar, bakwai, duk ta ƙi. Mai ƙofan nan da ya yi mini ihu ya dube ni a wulaƙance ya ce, "Gagara-raba ne. Ba abin da ke raba shi sai ɗaya. Ba wanda ya fi shi giɓi." Suka tunkuɗo ni waje ko takalmi ban ɗauka ba, sai jakata mai ƙoshiyar Baba, na sauko dutsen ina dariya ina hawaye. A nan na fara jin wannan kalma, gagara-raba, ban san ita ke jirana a gaba ba.

Na isa Birnin Ƙorai da hantsi, a rana ta ɗari tara da casa'in da uku. Gari ne mai zafin rana, mutanensa na sanye da fata da ɓawon itace, ko ƙyalle ɗaya ban gani ba. Igiya kam sun iya tufka ta, siririya mai ƙarfi, amma saƙa ba su san ta ba. A tsakiyar garin akwai fili wanda in ka tsaya a wannan ƙarshen ba ka gane fuskar na wancan ƙarshen, ko inuwar kara babu a cikinsa. Nan tulin murjanin yake, ja wur, ya fi ɗaki tsawo. Sanƙira na tsaye a gabansa yana shela kamar yadda yake yi kowace safiya:

"Dubu sau dubu, da dubu ashirin da biyu, da ɗari da goma sha bakwai! Mara ne, ba cika ba! Mai giɓi ne, ba mai rara ba! Gagara-raba ne, ba uwa ba uba, sai ɗaya!"

Aka jera ƙorai ɗari tara da casa'in da uku. Masu rabo suka shiga zagayawa da ludayi, wani mai ɗaukar ɗari, wani mai ɗaukar goma, har kowace ƙwarya ta samu daidai da 'yar'uwarta. Abin da ya rage aka kai gaban wata tsohuwa doguwa mai farin kai, wadda ke zaune kan kujerar dutse. Ita ce Magajiya Gwamma, mai tsaron ƙorai. Ta ƙirga ta ce, "Saura ɗari uku da ashirin. Bai rabu ba." Jama'a suka sauke ajiyar zuciya suka watse.

Na tarar da Yaya a wata bukka a gefen filin, an ɗaure ƙafarsa da igiya. Ya rame, gemunsa ya yi furfura tun lokaci bai yi ba. Duk faɗan da na ɗauko daga gida na ajiye masa, da na gan shi sai ya bi iska. Na durƙusa na ce, "Yaya." Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce, "Korau? Baba fa?" Na ce yana nan, shi ya aiko ni. Ya juya fuskarsa ga bango.

Da ya natsu na ce, "To mai kai, me ya kai ka?"

Ya ce, "Gaskiya ce ta kai ni. Saurara. Duk adadin da ke rabuwa, biyu ne suka haife shi, ƙarami da babba. In kana neman ƙaramin ba sai ka zaga duniya ba. Kana tsayawa ne inda adadi, in an ninka shi da kansa, ya wuce wanda kake bincike. Dubu sau dubu bai kai adadinsu ba. Dubu da goma sha ɗaya sau kansa ya wuce shi da huɗu. Ka ga ke nan bayan dubu akwai gwaji goma da ba su taɓa yi ba. Na tara a ciki shi ne maganar. Dubu da tara sau dubu da goma sha uku, adadinsu ne cif, ko ƙwaya ba ta saura."

"To ka nuna musu mana!"

"Na rubuta a allo na nuna. Suka ce tawada ba hannu ba ce, abin da hannu bai raba ba bai rabu ba. Kuma ba a rabo sai da ƙoran kakanni, su kuwa dubu ne ba ƙari. Kwana tara kawai nake nema bayan dubu, Korau. Ba ƙwaryar da za a ba ni su a ciki."

Na tambaye shi me ya sa suke tsoron abin haka. Ya ce kakanninsu dangi-dangi ne da yaƙi ya koro, kowa ya zuba murjaninsa wuri ɗaya, suka yi rantsuwa cewa ran da tulin ya rabu daidai, kowa ya ɗauki rabonsa ya kama gabansa. Don haka duk mai cewa adadin na rabuwa, a kunnensu cewa yake gari ya watse.

Na fito raina a jagule. Ni ba malamin hisabi ba ne, kuma kwana bakwai suka rage. Na bi gindin dogon bangon da ya yi wa filin iyaka ta gabas, ina tafe ina shafa shi don rashin abin yi. Sai yatsana ya faɗa wani ɗan rami a jikin azarar da aka gina cikin bangon, daidai ƙirjina. Kamu ɗaya gaba, ga wani. Kamu ɗaya, ga wani. Na tambayi wani mai tallan dabino ko ramukan mene ne, ya ce ƙwaro ne ya ci itacen tun zamanin kakanni. Ƙwaro! Ƙwaron da ya san kamu? Na duba bakin ramin da kyau, na ga ya side ta ƙasa, irin sidewar da zare ke yi wa itace in ya shekara yana ɗauke da nauyi. Wannan kam ko a mafarki na san shi. Na koma farkon bango na fara ƙirgawa, ina jefa tsakuwa a aljihu duk ɗari. Da na kai ƙarshe sai na zauna a ƙasa na ƙirga tsakuwoyin. Dubu da tara ne.

Ashe tulin nan ba tuli ba ne tun asali. Saƙa ce. Kakannin sun zura murjanin a zare sun saƙa rumfa bisa filin, zaren ya ruɓe, ƙwayoyi suka zube, jikoki suka share suka tara, aka manta.

Washegari na kafa 'yar masaƙa da sanduna a gaban kujerar Magajiya, na warware abawa, wato zaren audugar da na taho da shi, na saƙa ɗan ƙyalle mai faɗin tafin hannu. Mutane suka taru suna kallon ƙoshiya na kai da komowa kamar sun ga tsafi. Na miƙa mata na ce, "Ranki ya daɗe, murjaninku na farfashewa da zubawa da kwashewar nan ta kullum. Ku bar ni in zura muku shi a zare. Ba rabo zan yi ba, ba ruwana da ƙorai. Saƙa zan yi."

Ta juya ƙyallen a hannunta. Ta sallami jama'a, sannan ta ce, "Zare nawa za ka ja?"

Na ce, "Yadda ramukan bangon can suke."

"Nawa ne?"

Na sunkuya ina gyara zaren masaƙata kamar ban ji ba. Ta ce, "Ɗan nan, kada ka mai da ni yarinya. Ni ma na ƙirga su, tun kana goye." Muryarta ta sauka. "Ina da ɗa, Shekarau. Shekara ashirin ke nan da ya faɗi abin da yayanka ya faɗa. Ni na ƙirga masa dubunsa a kan kujerar nan, ni na ce ta cika. A bakin Ƙofar Gishiri ya waiwayo ya ce, Inna, kwana tara kawai. Na ce ƙorai sun ƙare."

Na ce, "Allah ya ji ƙansa, Inna."

Ta ce, "Ka san abin da kake roƙona? In saƙarka ta tashi da saura, yayanka ya tafi. In ta tashi ba saura, to ni na kashe ɗana a kan gaskiya." Ta dubi tulin. "Doka ta hana yin rabo ba tare da ƙorai ba. Ba ta ce komai a kan saƙa ba, don ba ta san ta ba. Ran dubu, tsakanin rabon safe da faɗuwar rana, filin naka ne."

Kwana biyar matan garin suna tufka mini igiya, ni ina ɗaurawa a ramuka ina ja har tsakiyar fili. Ran dubu aka jera ƙorai duka, aka raba, Magajiya ta ƙirga saura ta ce, "Ɗari da goma sha bakwai. Bai rabu ba. Dubunsa ta cika." Aka buɗe Ƙofar Gishiri tun lokacin, ana hango farin fili ta cikinta har iyakar gani. Aka fito da Yaya aka tsayar da shi a rana, hannuwansa a ɗaure.

Na tsayar da mutum dubu da takwas, kowa da bakin igiyarsa, ni na kama ta ƙarshe. Masu rabo suka bi layi da ludayansu suna zuba wa kowa a tafi. Na ce da makaɗi, duk bugu ɗaya, ƙwaya ɗaya. Ganga ta fara, sanƙira na ƙirga bugun da ƙarfi. Ɗari. Ɗari biyar. Rana ta take, gumi na shiga mini ido, tulin na narkewa. Da aka kai dubu sai makaɗin ya tsaya da kansa, hannunsa a sama, don a garin nan dubu ce iyakar duk wani gwajin tulin. Na daka masa tsawa, "Buga mana! Saƙa ce!" Ya buga. Dubu da ɗaya. Dubu da goma. Ana share ƙasa da tafin hannu ana tsinto na ƙarshe. Dubu da goma sha biyu. Dubu da goma sha uku.

Kowa ya zura tasa. Ni na miƙa hannu, aka zuba mini iska. Babu.

Aka duba ƙorai, aka duba ludayi, aka tona ƙasa. Igiya dubu da takwas sun cika, tawa ta rasa ƙwaya ɗaya. Wani dattijo ya ce, "Giɓi! Bai tashi daidai ba!" Masu gadi suka kama kafaɗar Yaya suka juya shi wajen ƙofa. Shi kuwa sai cewa yake, "Ba zai yiwu ba, ba zai yiwu ba," kamar lissafi zai ji shi ya zo ceto.

Ni ban dubi ƙasa ba, Magajiya na duba. Tana zaune ƙiƙam, hannunta na hagu a dunƙule kan cinyarta, ya yi fari don matsa. Tun rabon safe da aka kai mata saura ta ƙirga, ashe ba duka ta mayar ba. Na ji kamar in yi kururuwa in tona ta. Amma wa zai buɗe hannun Magajiya a garin nan in ba ita ba? Kuma wallahi, duk da ran yayana na hannun nan, tausayinta ne ya kama ni. Na ce, ba da ƙarfi ba, "Inna. Ni ma aiko ni aka yi. Tsoho ne, idonsa ya tafi, yana zaune yana jira."

Ban san tsawon lokacin da ta ɗauka ba. Yaya ya riga ya kai rabin hanyar ƙofa sa'ad da ta miƙe. Ta tako a hankali, filin ya yi tsit har ana jin jan ƙafarta. Ta karɓi bakin igiyar daga hannuna, ta buɗe tafinta. Sau biyu tana kuskure ramin ƙwayar, a na uku ta shiga. Ta ɗaga murya yadda ta saba kowace safiya ta ce, "Ba saura. Ya rabu." Sannan ta ƙara, wannan ni kaɗai na ji, "Kwana tara ne, Shekarau. Ka yi gaskiya."

Aka yanke wa Yaya igiya. Amma ba wanda ya yi guɗa. Mutane suka dubi hannuwansu, kowa ya ga yana riƙe da rabo daidai da na maƙwabcinsa, abin da rantsuwa ta faɗa ke nan. Wata mata ta fashe da kuka. Dattijon nan ya fara laluben wuƙa don ya yanke tasa igiyar daga bango.

Na ce, "Tsaya, Baba, wa ya ce an gama? Wadari kawai muka yi!" Na bi layi da gudu ina ƙirga su, ɗaya, biyu, ɗaya, biyu. "Mara, ku ɗaga igiyarku sama! Cika, ku sauke taku ƙasa!" Don ruɗewa suka bi maganata. Hanya ta buɗe tsakanin na sama da na ƙasa, doguwa, ja, tun daga wannan ƙarshe har wancan. Na ɗaura abawa a ƙoshiyar Baba. Faɗin ya fi ƙarfin jifa, dole wani ya shiga da ita, ni kuma dole in tsaya ina ba da umarni. Na waiwaya na ga Yaya na murza wuyan hannunsa.

Na ce, "Yaya, aikin marasa kai ne, amma ba ni da kowa."

Ya dubi ƙoshiyar, ya gane ta. Ya karɓa da hannu biyu, ya sunkuya ya shiga. Da ya ɓulla can ƙarshe na ce cika su ɗaga, mara su sauke, ya juyo. Kafin la'asar ya yi kai da komowa bakwai, dattijon nan kuwa ya ja igiyarsa ya ji ta kama ta dama ta kama ta hagu, ba ta fita sai an yanka na mutane. Ya mai da wuƙarsa kube ya ce da na kusa da shi, "Kai, ɗaga da kyau, kana karkata mana aiki."

Da rana ta yi ja, masu gadi suka je rufe Ƙofar Gishiri, Magajiya ta ce su dakata. Ta ɗauko gora cike da ruwa ta fita ita kaɗai. Muna hangen ta ta yi 'yar tafiya a kan gishirin, ta durƙusa, ta tsiyaye ruwan duka a ƙasa. Ta daɗe a nan kafin ta dawo. Washegari ta sa aka kife ƙorai dubun, ba ta sake hawa kujerar dutse ba.

Kwana arba'in muka yi muna saƙa, aka ɗaga rumfar bisa ginshiƙai, filin ya samu inuwa. Yaya ya gyara wa sanƙira shelarsa: mara ne, mai giɓi ne, amma ɗan biyu ne, dubu da tara da dubu da goma sha uku, su ne gagara-raba, ba shi ba. Sannan muka kamo hanya. Mu biyu ne, Kogin Cika bai ce mana komai ba, Dutsen Kamilai kuwa zagaye shi muka yi.

Mun tarar da Baba a masaƙa, idon ya tafi gaba ɗaya, yana saƙa da lalube. Yaya ya durƙusa a gabansa. Baba ya kamo hannunsa ya shafa tafin, ya tsaya a kan kantar da ƙoshiya ta yi masa a gindin yatsa. Ya shafa ta, ya sake shafawa. Bai tambaye shi hisabi ba, bai tambaye shi shekara goman da ya yi ba. Ya dai matsa gefe a kan kujerar saƙa, ya bar masa wuri.

Iyakar abin da idona ya gani ke nan, Allah shi ne masanin sauran. Ƙarar ƙoshiyar da kuke ji daga zauren can, ba tawa ba ce.